Ranar Da Na Ce Giyar Iya Kandala Ta Yi Zaƙi

Ku matso, ku gyara zama. Mai ƙwarya ya aje ƙwarya, mai goro ya rage tauna. Na taka ƙasar da zuma ke gudu a kwata, na shiga birnin da ake hukunta mutum da yi masa rufin ɗaki, na biyo kogi kwana tara a cikin gangar katako, kuma ga ni gabanku da kaina a bisa wuyana. Ni ne Dogara ɗan Tarana, Bamaguje, mutumin Gidan Ranau. Wanda ke ganin ƙarya nake shara muku ya taso ya shinshina rigar nan, har yau warin gangar bai fita ba.

Innata Tarana ita ke dafa giyar bikin kaka a garinmu tun ban yi wayo ba. Uwarta ta dafa, kakarta ta dafa, shi ya sa manyan tukwanen biki guda shida suke zaune a gidanmu tun zamanin da ba wanda ya tuna. Burukutun Inna kuwa, idan ka kurɓa sai ka ji tsami ya kama maka gefen harshe, kunnuwanka su ɗan motsa, kafin ka sauke ƙwaryar ka fara tunanin ta biyu. Daga ƙauyuka bakwai ake zuwa shansa.

Abu ɗaya ne ke ɓata min rai. Idan ta gama dahuwar farko, sai ta juye a manyan randuna, ta bar su buɗe a gindin wata tsohuwar bishiyar ɗanya da ke bayan gida, wai su huce. Ganye ya faɗa, ƙwaro ya faɗa, 'ya'yan ɗanya su faɗa. Rannan wani baƙo ya tsamo ganye da fiffiken fara a cikin ƙwaryarsa, ya ɗaga yana nuna wa jama'a. Ya shanye fa, har ya miƙa a ƙara masa, amma ni kunya ta rufe ni. Da rani ya yi sai na tuɓe riga, na kwaɓa ƙasa, na gina mata ɗakin giya mai ƙyaure, na jera azara, na zuba masa rufin soro wanda ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shiga. Na kwashe randunan na kai ciki da hannuna.

Da Inna ta shiga, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta daɗe tana duba. Can ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta jan magana da ni, saboda haka wannan ɗan abin da ta faɗa ya ishe ni tafiya da ƙirji a gaba har wata guda.

Daga shekarar nan giyar Inna ta mutu. Kala tana nan, kumfa tana nan, amma ka kurɓa ka ji salam, kamar ruwan da aka ɗauraye tukunyar kunu. Shekara uku ana haka. Kowa ya sha sai ya ce, "Madalla, Tarana, hannu yana nan," sannan ya zagaya bayan rumbu ya zubar. Ni ma haka nake cewa, ni ma bayan rumbun nake zagayawa, har ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo.

Bayan bikin shekara ta uku, Sarkin Noma Barmo ya ja ni gefe yana sosa ƙeya. Ya ce, "Dogara, dattawa sun zauna. In baɗi ma haka giyar ta fito, za a ɗauke tukwanen biki a kai wani gida. Ka san nauyin uwarka a wurinmu, ba mai iya duban idonta ya faɗa. Kai ma kada ka ce ni na gaya maka."

Na san ranar da aka fitar da tukwanen nan ta ƙofar gidanmu, Inna ba za ta yi kuka a gaban kowa ba, amma ba za ta ƙara zama mutum ba. Na taɓa jin fatake suna labarin wasu mutane, Yamutsawa, can bayan inda rana ke faɗuwa, waɗanda suka fi kowa sanin tsamin giya a duniya. Na ɗaura niyya. Da na je sallama, Inna ta cusa min damin tsamiya a jaka don kunun hanya, ta kau da kai ta ce, "Kai wannan, in kana tafiya ka riƙa ɗaga kai kana duba sama." Na ɗauka hadari take nufi. Wata tara na yi ina duba hadari kamar wawa.

Bayan tafiyar wata uku na faɗa ƙasar Zaƙau. Jama'a, zuma ce ke gudu a kwatocinsu, rake ne dangar gidajensu, akuyarsu ma in ta yi atishawa ƙudan zuma ke biyo ta. Mutanen kuwa ba mai haƙori ko ɗaya, daga sarki har jinjiri, zaƙi ya cinye. Na yi kuskure na yi musu murmushi a kasuwa. Kafin in rufe baki an yi caa a kaina, an kai ni fada, an ƙirga haƙorana ɗaya bayan ɗaya ana tafi, aka naɗa ni Sarkin Tauna. Aikina in tauna wa sarki nama in miƙa masa, yadda uwa ke yi wa yaro. Kai mai dariya a baya can, sarauta ce, da rawani da komai, kai wace ka taɓa riƙewa?

Ladana kunun zuma da aka dama da zuma aka yayyafa wa zuma. Kullum sarki sai ya tambaye ni, "Yaya ka ji kunun namu?" Ni kuma, ɗan gidan mutunci, in ce, "Madalla, ranka ya daɗe, ya yi daɗi." Sai ya ce a ƙara min ƙwarya biyu, tunda ina so. Ranar kwana na arba'in na tashi na ji turmin haƙorina na hagu yana girgiɗi. Na ce lallai in ban gudu ba, nan gaba ni ma sai an nemo mai tauna min.

Mai gadina wani ƙato ne, Lallausa, wanda in ya zauna a bakin ƙofa ko iska sai ta jira ya gyara. Da tsakar rana na zauna kusa da shi, na ɓare tsamiyar Inna ina tsotsa ina lumshe ido. Ya ce mene ne wannan. Na ce alewar garinmu ce, ba a ba kowa. Ya fizge ya cusa guda uku a baki. Bawan Allah tunda aka haife shi bai taɓa jin tsami ba. Kumatunsa suka shige ciki, hancinsa ya tattare, idanunsa suka rufe gam, ya kasa buɗe baki ya yi kururuwa. Na tsallake ƙafafunsa a hankali, na aje masa rawanin a cinya, na ce ya gaida sarki.

Na yi wata shida ina haye duwatsu ina gangara kwari, har na iso wata ƙasa mai sanyi da bishiyoyin tsada ko'ina. Tun daga nesa iska ta kawo min wani wari mai tsami-tsami, na ce na zo. Yamutsawa mutane ne masu kirki, sai dai fuskar kowa a tattare take kamar bakin jaka, kuma a wurinsu wannan ne kyau. Budurwar da goshinta ya fi layi ita ake rububi. Giyarsu da alkama suke yi. Su dafa, su bar ta ta huce, su ɗura a gangar katako, ba ganga ta kiɗa ba, babba wadda mutum uku za su zauna ciki, su zuba mata tsada, su liƙe, su manta da ita shekara bakwai.

Ina shiga ƙofar gari wata tsohuwa 'yar firit ta cafke min hannu. Ta ce, "Kai baƙo ne? Ka taɓa shan giyarmu?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Iya."

Ta ce, "To kai nake jira. Sunana Kandala. Gobe za a buɗe gangata, kuma al'adarmu sai baƙon da harshensa bai san giyarmu ba shi ke fara ɗanɗanawa. Kwana goma ina zaune a nan, ba wanda ya shigo sai wani jaki."

Ta kai ni gida ta ba ni tuwo. Na kwashe labarin Inna da tukwanen biki na gaya mata. Ta ce, "Ka ɗanɗana min gangata, ni kuma in nuna maka abin da ke kashe giya da abin da ke rayar da ita." Sannan ta yi min bayanin al'adar. Ranar da ake ɗura ganga, mai giya takan sa abu uku a ƙaramin tulu, abubuwan da ta yi alkawarin za a ji a giyar bayan shekara bakwai, a liƙe tulun a kai gidan Magajin Ganga. Ranar buɗewa, baƙo ya sha ya faɗi abin da ya ji, a fasa tulu a duba. Ta ce, "Wannan ita ce ganga ta ƙarshe da mijina ya sassaƙa kafin ya rasu. Ba na son komai a wurinka, ɗana. Abin da ka ji kawai za ka faɗa."

Na ce, "Iya, in dai wannan ne, ki kwantar da hankalinki." Ni a raina na riga na san abin da baƙo ke faɗa in an ba shi abin sha.

Da hantsi gari ya taru a dandali. Aka mirgino gangar, baƙa wuluk, duk yanar gizo. Magajin Ganga, wani dogo mai suna Gwabro wanda fuskarsa ta fi ta kowa tattarewa, ya bugi toshiyar da guduma. Aka tsiyayo min a ƙwarya. Ja ce, ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana, kumfarta kaɗan, tana ta ƙananan tartsatsi. Na kafa kai na kurɓa.

Wayyo ni Dogara. Na ji kamar an kama muƙamuƙina an murɗe. Haƙorana suka mutu gaba ɗaya, yawu ya cika min baki, wani hamami ya bi ta hancina ya fito, hawaye ya zubo. Abin da na yi wa Lallausa, ga shi an yi min. Na ɗaga ido na ga Iya Kandala ta haɗa hannu a ƙirji tana dubana. Tsohuwa, mijinta ya mutu, shekara bakwai tana jira, ta ba ni tuwo da man shanu. Ina ni ina kunyata ta a gaban mutane? Na haɗiye da ƙyar, na gyara fuska, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

Na ce, "Madalla, Iya. Sannu da aiki. Ta yi daɗi, ta yi laushi, ta yi zaƙi kamar zuma."

Wata mata ta toshe wa ɗanta kunne. Iya Kandala ta zauna daɓas a ƙasa.

Magaji Gwabro ya ce, "Kun ji da kunnenku. Zaƙi. Ganga ta mutu, iska ta ƙi mai ita. A tuntsurar da giyar a kogi, a ɗauko azara a yi wa ɗakin giyar Kandala rufi. Baƙon da ya yanke hukunci shi zai ɗora azarar farko."

Na ga samari sun nufi inda ake tara azara, sai na saki ajiyar zuciya. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Iya, ai abin bai yi muni ba. Giya dai ta tafi, amma ga shi za a yi miki rufi kyauta. Ni ma na yi wa Innata, na soro, shekara uku ke nan da wani abu."

Ta juyo ta dube ni tun daga ƙafa har kai. Ta ce, "Ka yi wa ɗakin giyar uwarka rufi?"

Na ce, "Da hannuna."

Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Da a ce akwai wani abu a cikin kan nan nawa ban da gashi, da tun nan na gane. Ban gane ba. Wani dattijo ne ya raɗa min cewa a garin nan wadda aka yi wa rufi ta gama dafa giya har abada, ko gaisuwar masu giya ba za a ƙara yi mata ba. Nan hankalina ya tashi. Na kashe tsohuwa da ladabi, kuma wadda na yi wa haka ba za ta nuna min komai ba, tukwanen Inna sun tafi ke nan.

Na faɗi gaban Magaji na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Ba zaƙi ko ɗigo. A garinmu in an ba baƙo abu, ko me ya ji, madalla yake cewa. Gaisuwa ce ga mai hannu, ba labarin abin da ke cikin ƙwarya ba."

Ya ce, "Kana nufin akwai ƙasar da mutum zai sha abu, bakinsa ya ji ɗaya, ya faɗi wani?"

Na ce, "Ƙasa guda cur, ranka ya daɗe, har da sarakuna."

Ya ce, "To ta yaya masu giyarku ke sanin sun ɓata?"

Ya girgiza kai ya ce bai yarda ba, ba a taɓa yin mutane haka ba, tausayin tsohuwa ne ya sa nake son janye magana, kuma maganar baƙo sau ɗaya ake karɓa. Na yi rantsuwa, na yi magiya, har muryata ta dushe ina tari. Ina cikin tarin nan sai na ji an miƙo min ƙwarya ta gefe, an ce, "Ungo, ɗana, jiƙa maƙoshi." Na karɓa ban duba ba, na kwankwaɗa.

Ruwan toka ne. Wanda ake tacewa a yi sabulu. Ya ƙone min harshe, ya kama min maƙogwaro, idanuna suka firfito. Na juya na ga Iya Kandala ce ta ba ni, tana tsaye tana jira. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi aikinsa.

Na ce, "Madalla, Iya. Ya yi daɗi."

Ta karɓi ƙwaryar ta miƙa wa Magaji. Ya shinshina, ya taɓa da harshe, ya tofar. Ya dube ni da wani irin tausayi, irin wanda ake yi wa mai ciwon da ba ya jin magani. Jama'a suka fashe da dariya, har fuskokinsu suka kusa warwarewa. Magaji ya ce, "Wannan bakin ba shaida ba ne, lalura ce. An soke maganar farko. Kurɓi uku za ka yi, baƙo, kowanne ka faɗi abin da ka tarar. In ka sake cewa madalla, kai za mu liƙe a gangar."

Na kurkure baki sau bakwai. Aka sake tsiyayowa. Wannan karon ban yi gaggawa ba, na bar ta ta zauna a harshe.

Na ce, "Na farko dai tsami ne, kuma ba shi da kunya. Ya wuce na tsamiya, bai kai na lemun tsami kaifi ba. Yana kama gefen harshe ya matse. A ƙarƙashinsa akwai tsada, amma ba ɗanya shar ba, wadda ta nuna ta faɗo ta kwana biyu a ƙasa, har da ɗan baurin ƙwallonta. Haƙorana yanzu in na haɗa su ƙara suke yi."

Aka yi guɗa. Ni da nake jiran mari, sai na ga mata suna rungume Iya. Na ce ashe haka abin yake, na gyara tsayuwa, na yi kurɓi na biyu.

Na ce, "Iya, ki yafe ni. Akwai bunsuru a cikin giyar nan. Ba naman ba, shi kansa, tsoho mai gemu, wanda ruwan sama ya daka ya shigo zaure ya kwanta a kan tsohon buzu. Da farko na so in tofar. Amma abin mamaki, da ya wuce sai na ji ina neman inda ya shiga."

Wani tsoho ya jefa hularsa sama. Magaji ya ce saura ɗaya.

Na yi kurɓi na uku, na juya shi a baki, na haɗiye. Tsada, bunsuru, katako. Ban ji sabon abu ba. Na ga samarin nan ba su aje azarar ba tukuna. Bakina ya fara ƙaiƙayin ya ƙirƙiro wani abu mai daɗin ji, na danne shi. Na dakata, na fitar da numfashi ta hanci. Sai ga shi can ƙarshe, bayan tsamin ya janye, bakin ya bushe: wani ɗan ƙauri siriri. Na san shi. Shi nake ji ina yaro in yayyafi ya kashe wa Inna wuta a gindin ɗanya, tana tsugune tana hurawa, ni ina riƙe da ludayi.

Na ce, "Akwai wuta da ta mutu. Itacen da ya ci ya ci, ruwa ya kashe shi. Ba ya fitowa sai komai ya wuce, kuma shi ne ke daɗewa." Kewar gida ta taso min, ba zan ɓoye muku ba.

Magaji ya ɗaga tulun ya fasa a kan dutse. Ƙwallon tsada ya gangaro. Ga tuƙun gashin bunsuru an ɗaure da zare. Ga guntun gawayi.

Iya Kandala ta tsuguna ta ɗauki gawayin ta riƙe a tafin hannu. Ta ce, "Mijina ne ya babbake cikin gangar da kansa, yana tari. Na ce masa ya bari, ya ce sai an ji shi a ciki." Ta share ido da gefen zani, sannan ta daka wa samarin tsawa su mayar da azarar mutane inda suka ɗauko.

Kwana uku gari yana sha. Ni ma na sha, kuma ina gaya muku tun daga ƙwarya ta uku bunsurun nan ya zama abokina. A rana ta huɗu Iya ta ja ni ɗakin giyarta. Bango huɗu, ƙofa, manyan kasake masu faɗi a jere. Na duba kusurwa-kusurwa ina neman asirin, ko wani ƙulli, ko wata saiwa. Ta ce, "Ba nan ba. Ɗaga kai."

Na ɗaga. Sama ce fetal, da rassan tsada sun sunkuyo. Ina kallo wani ganye ya saki reshe, ya yi lilo, ya sauka a cikin kasko.

Ta ce, "Mu dafawa kawai muke yi. Abin da ke sa tsami yana kan bishiya, yana kan fatar 'ya'yanta, iska ke sauko da shi in giya tana hucewa. Ba ya shiga ta ƙyaure. Wace bishiya ce a bayan gidanku?"

Na ce, "Ɗanya." Na nemi wuri na zauna. Wata tara ina duba hadari.

Saura kwana ashirin biki, tafiyar kuwa ta wata tara ce. Iya ta ce kogin garinsu yana gangarawa har ƙasarmu, kuma gangar ta zama fanko. Suka sa ni ciki da guzuri, suka tura. Kwana tara ina juyi a ruwa, tururin tsohuwar giya yana hawa min kai, ina rera waƙoƙin da ban san na iya ba. Wani kada ya biyo ni yini guda, ya leƙo ya shaƙi warin, ya juya abinsa. Masunta suka tsamo ni a mashayar da ke gabas da garinmu, sauran na ƙarasa da ƙafa.

Na tarar da Inna a ɗakin giya, ta shanya tsiron dawa, tukwanen biki shida an wanke an kife. Ta rame. Ta dube ni ta kau da kai ta ce, "An dawo?" Ta ɗebo min ragowar giyar da ta dafa ta gwaji. Na kurɓa. Madalla ta taho har bakin leɓena, na cije ta.

Na ce, "Inna, giyar nan ba ta da rai. Salam take, kamar ruwan ɗaurayar tukunya. Shekara uku ke nan haka, kuma duk wanda ya ce miki madalla bayan rumbu yake zubarwa. Har ni."

Na sunkuyar da kai ina jiran muciya. Ba ta zo ba.

Ta ce, "Ai ni na kafa rumbun. Ina ganin ciyawar."

Na ce, "Rufin nan ne, Inna."

Ta ce, "Na sani tun ranar da na shigo."

Na ce, "Kin sani? To me ya hana ki faɗa? Saura kaɗan a ɗauke tukwanen kakarki."

Ta juya tsiron dawa da hannu. Can ta ce, "Na ga bayanka duk ya sale da ɗaukar azara. Ka tsaya a bakin ƙofa kana washe baki. Da wane bakin zan ce a rushe?"

Na ɗauki diga na hau soron. Maƙwabta suka fito suna cewa tafiya ta taɓa wa Dogara kai. Kafin la'asar na yaye shi tas, rassan ɗanya suka leƙo ciki. Ina saman bango ina jifa da azarar ƙarshe sai na ji muryarta daga ƙasa.

Ta ce, "Kai wannan, sauko a hankali, kada ka faɗo min cikin randa. Ganye nake so, ba kai ba."

Ranar biki Sarkin Noma Barmo ya karɓi ƙwaryar farko, ya shirya madallarsa a baki tun kafin ya sha. Ya kurɓa. Kumatunsa suka shige, kunnuwansa suka motsa, ido ɗaya ya rufe. Ya tsamo wani ɗan ganye da yatsa ya yar, bai ce uffan ba, ya miƙa ƙwaryar a ƙara. Inna ta cika masa har tana zuba.

Tukwanen suna nan inda kuka gan su da kuka shigo. Ciyawar bayan rumbu kuwa ta bushe tun bara. Ku ɗauki ƙoranku, labari ya sauka, kuma duk wanda ya ce min madalla yau, akwai ruwan toka a bayan ƙyaure.